Tambayi Malamin Turanci: Kalmar “Charge” da Kayan da Aka Ɗora Mata

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, yawancinsu a kan kalma guda suka sauka, wato “charge”. Wani a takardar kotu ya ci karo da ita, wata a saƙon banki, wani kuma a kanun jarida. Sai na ga ya fi in tara su wuri ɗaya, tunda amsar wannan tana taimakon waccan. Waɗanda suka rubuto a kan “borrow” da “lend” su ƙara mini haƙuri, tasu tana nan tafe in Allah Ya kai mu wata mai kamawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ina ajin ƙarshe a sakandare. Na buɗe ƙamus don in duba “charge”, sai na tarar ma'anoninta sun kusa cinye shafi guda: kuɗi, laifi, lantarki, yaƙi, shugabanci. Shin kalmomi ne daban-daban da suka yi kama a rubutu, ko kuwa duk ɗaya ce? Kuma dole sai na haddace su kafin jarrabawa? Ɗaliba daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Duk ɗaya ce, kuma ba sai kin yi hadda ba. Akwai kalmomin Turanci da rubutu ne kawai ya haɗa su, irin “bat” na jemage da “bat” na sandar buga ƙwallo, waɗanda ba dangin iya ba na baba tsakaninsu. “Charge” ba ta cikin waɗannan. Tushenta ɗaya, rassa ta yi.

Asalinta daga keken ɗaukar kaya ne. Mutanen da suka zauna a ƙasar da yau ake kira Faransa, tun kafin Romawa su ci su da yaƙi, suna da irin wannan keke. Romawa suka ari sunansa zuwa harshensu na Latin, suka ce “carrus”. Daga baya aka fitar da aikatau daga sunan, “carricare”, wato a yi wa keke lodi. Bakin Faransawa ya tauna ta ya mai da ita “chargier”. A shekarar 1066 William na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon zamani, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci. Zuwa ƙarni na 13 “charge” ta samu wurin zama da ma'anar kaya ko nauyi. “Car” da “carry” da “cargo” duk 'yan gida ɗaya ne da ita.

To abin da za ki riƙe ke nan: ɗora wa wani wani abu. Mu ma haka muke yi da “ɗora”. Muna ɗora wa jaki mangala, mu ɗora wa talaka haraji, mu ɗora wa bawan Allah laifi, mu ɗora wa babban ɗa nauyin ƙannensa, kuma ban taɓa jin Bahaushen da ya rikice a kan wace ɗorawar ake nufi ba. Abin da aka ɗora shi ke fayyace zancen. Bature ma haka yake yi, sai dai shi yana da 'yan ƙananan kalmomi da yake liƙawa a bayan “charge”, su ne ke nuna miki irin kayan. In kin ga “for”, kuɗi ne: “He charged me five thousand naira for the repair”, wato makaniki ya yanka mini dubu biyar kuɗin gyara. In kin ga “with”, laifi ne ko wani aiki aka ɗora wa mutum. In kin ga “in” a gaba da “of” a baya, shugabanci ne. In kuma ba komai a bayanta sai waya ko batir, wuta ce.

Wadda ta fi yin nisa da gida ita ce ta yaƙi, mai tafiya da “at” ko “into”: “The bull charged at him”, bijimi ya yo kansa. Ke da kike Zariya ai kin sha ganin hawan sallah, lokacin da mahaya ke sakin linzami su taho a sukwane su ja birki gaban sarki su yi jinjina. Da a fagen daga ne, kuma ba su ja linzamin ba, abin da Bature zai kira “charge” ke nan. Shi ya sa a tsohon Turanci dokin yaƙi sunansa “charger”, sunan da yau muke kiran cajar waya da shi. Turawan Ingila suna da wata irin wannan sukuwa da ba su manta ba har gobe: ranar 25 ga Oktoban 1854, a Balaklaba cikin yaƙin Kirimiya, mahayansu fiye da 600 suka doshi bakin igwogin Rasha saboda wani umarni da aka fahimta a karkace, aka yi musu mummunar ɓarna. Don sauƙin tunawa, ki ɗauka mai farmaki nauyin jikinsa da na dokinsa yake jibga wa abokin gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. An kama ɗan ƙanena a kan wata rigimar kuɗi da ubangidansa na kasuwa. A takardar da muka gani an rubuta “charged with criminal breach of trust”. Wani maƙwabci ya ce an riga an same shi da laifi ke nan, wani kuma ya ce tara ce za mu biya. Yanzu bayan 'yan watanni lauya ya ce kotu ta yi “discharge” ɗinsa, amma ya ce kada mu saki jiki tukuna. Me ake ciki? Wani magidanci daga Gusau.

AMSA: Alhaji, Allah Ya kawo ƙarshen abin cikin sauƙi. Maƙwabtan naka duka biyu sun yi kuskure, kuma irin kuskuren da ke hana iyali barci ne a banza.

Kafin in shiga aji koyarwa na yi aikin tafinta a wata kotun majistare, kuma a can na ga yadda wannan kalma ke wasa da hankalin mutanenmu. Wata rana aka gurfanar da wani dattijo a kan shanunsa da suka shiga gonar wani. Yana tsaye da hularsa a hannu, mai gabatar da ƙara ya miƙe yana karanto takarda da Turanci. Dattijon bai tsinci komai ba sai “charge”, wadda ya saba ji a bakin direbobin tasha. Kafin in buɗe baki in fassara, ya riga ya cusa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya zaro wani ƙullin tsumma, ya fara kwancewa da haƙori, ya dube ni ya ce, “Yaro, tambaye su nawa ne.” Sai da majistare ya sunkuyar da kai don kada a ga yana murmushi. Na ce, “Baba, mai da kuɗinka. Ba ciniki ake yi ba, tuhumarka ake yi.”

“Charged with” na nufin an tuhumi mutum a hukumance, an ɗora masa zargi a rubuce. Zargi ne kawai. Matakan a jere suke: “arrested”, an kama shi, “charged”, an tuhume shi, “arraigned”, an gurfanar da shi an karanta masa tuhumar ya amsa ko ya musanta, “convicted”, an same shi da laifi, “sentenced”, an yanke masa hukunci. Tsakanin mataki na biyu da na huɗu akwai tafiya mai tsawo, kuma da yawa ba sa kaiwa can. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda aka tuhuma da laifi, ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin nasa. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. “Criminal breach of trust” kuwa shi ne cin amana, laifin wanda aka damƙa wa dukiya ya yi gaban kansa da ita.

Daga wannan ma'anar muka samu “caji ofis”, wato ɗakin da ake rubuta tuhuma a ofishin 'yan sanda. Takardar da ake rubutawa “charge sheet” ce, ko da yake a kotunan majistare na Arewa an fi sabawa da wadda ake kira FIR, wato “First Information Report”, rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu. In ka ji a rediyo an ce “five-count charge”, tuhuma biyar ake wa mutum a takarda ɗaya. Lauyoyin da ke zaman jiran irin waɗannan ƙananan ƙararraki a harabar kotu, 'yan uwansu na yi musu ba'a da “charge and bail”. Ni dai ban yarda da wannan raini ba, don su ne talaka ke samu a ranar da ya rasa kowa.

Yanzu ga inda lauyanku ya yi gaskiya. “Discharge” sauke kaya ne, kishiyar “charge”. Jirgin ruwa na yin “discharge” a tashar Apapa, asibiti na yin “discharge” ɗin majinyaci, wato sallama. Kotu ma tana iya sallamar mutum ba tare da ta shiga cikin zancen ba, misali idan masu ƙara sun yi ta ƙin kawo shaidu har alƙali ya gaji ya kori ƙarar. Irin wannan sallama ba ta rufe ƙofa, ana iya sake kama shi a sake shigar da ƙarar. Wadda ke rufe ƙofa ita ce “discharged and acquitted”, an sallame shi kuma an wanke shi. Wanda aka wanke, wancan Sashe na 36 ya hana a sake yi masa shari'a a kan laifin nan, sai dai bisa umarnin kotun da ke sama. Saboda haka ka koma wurin lauyan ka ce ya nuna maka kwafin hukuncin, ka duba da idonka ko kalma ta biyun tana ciki. In Turancin ya yi maka kauri, ka tafi da yaron da ya yi boko a gidan.

Ga masu rubuta jarrabawa kuma: jaridunmu sun saba rubuta “charged for murder” da “charged to court”. Na biyun Turancinmu ne na gida, kowa ya gane shi a nan. Na farkon kuwa, in aka bi shi a kan ƙa'ida, cewa yake an karɓi kuɗin kisan kai a hannun mutum. Ku rubuta “charged with murder”.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, a kanun jaridu ina yawan ganin irin “Emir charges pilgrims to be law-abiding” ko “Governor charges youths on peace”. Kai su kotu aka yi, ko kuɗi aka sa musu? Mai sayar da jarida daga Kaduna.

AMSA: Ko ɗaya, Malam. Horo ne aka yi musu. Sarki ya hori maniyyata su bi doka, gwamna ya yi kira ga matasa su zauna lafiya. Nauyi ne aka ɗora musu da baki. Wannan tsohuwar ma'ana ce ƙwarai, irin ta limaman coci da alƙalai, kuma a Ingila yanzu da wuya ka gan ta a kanun labari, sun fi son “urges” ko “tells”. Editocinmu ne suka riƙe ta gam, ina jin don tana da ƙamshin iko, ta dace da bakin mai rawani. Alamar gane ta mai sauƙi ce: in “to” da aikatau suka biyo bayan sunan mutanen, horo ne. Shi kuwa “charges youths on peace” mai “on” ɗin nan, ƙirar ɗakunan labaranmu ce, tare da ƙawarta “tasks”.

Akwai wata 'yar uwarta da ya kamata ka lura da ita, don tana kama da ta kotu kamar an tsaga kara. “The committee is charged with distributing fertiliser” ba tuhumar kwamitin ake da raba taki ba, aikin rabon aka ɗora masa. Amma “charged with diverting fertiliser” tuhuma ce ta karkatar da taki. Ginin jimlar iri ɗaya ne, abin da ya biyo baya ne ke raba gardama: in aikin kirki ne, nauyi ne, in ɓarna ce, kotu ce.

TAMBAYA: Baba Malam, ni malamar firamare ce. Na rubuta wa shugabar makarantarmu “The pupils are in charge of Malama” ina nufin yaran suna hannun wata abokiyar aikina. Sai ta yi dariya ta maido mini da takardar. Ina laifin jimlar? Malama daga Bauci.

AMSA: 'Yata, kin naɗa yaran ne su shugabanci malamar. “In charge of” na wanda ke riƙe da ragama ne: “Malama is in charge of the pupils”. In kina so ki fara da yaran, sai kin saka “the” a tsakiya: “The pupils are in the charge of Malama”, ko ki ce “in her charge”. Harafi uku ne suka juya gidan. Shawarata ki riƙa farawa da mai ikon, ya fi sauƙi kuma shi aka fi ji.

A wannan layin ne ake samun “take charge”, mutum ya karɓi ragama, da “officer in charge” da muke taƙaitawa O.C., da “charge nurse” mai kula da ɗakin majinyata. Yaran da aka ba ki amana ma ana iya kiransu “your charges”, ko da yake wannan sai a littattafai. Idan kuma kin ji a labaran duniya an ce wata ƙasa ta janye jakadanta ta bar “chargé d'affaires”, wannan Faransanci ne tsantsa, mai riƙon ofishin jakadanci ke nan, kuma da “sha” ake fara furta shi, ba da “ca” ba.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da atamfa da leshi. Kullum sai banki ya turo mini saƙon cire kuɗi, wani a rubuta “charge”, wani “fee”, wani “levy”. Duk abu ɗaya ne suke canza masa suna don kada mu gane? Hajiya daga Kano.

AMSA: Hajiya, Allah Ya ba da kasuwa. Sunayen suna da bambanci, kuma sanin bambancin zai nuna miki aljihun da kuɗin ke shiga. “Charge” ita ce uwa, duk kuɗin da aka ɗora miki a kan wata hidima. “Fee” ladan aiki ne takamaimai, irin na lauya ko na makaranta ko na tura kuɗi. “Levy” kuwa na hukuma ne, haraji ne, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Naira 50 ɗin nan da aka saba cirewa idan kuɗin da aka tura sun kai naira 10,000, ta gwamnati ce.

Babban Bankin Najeriya yana da kundin da ya ƙayyade abin da bankuna za su caza. Wanda ya fara aiki a Janairun 2020 ya sa naira 10 a kan tura kuɗin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai naira 50 a kan abin da ya haura. In aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan ladan, shi ne kika saba ganin 10.75 da 26.88 da 53.75, waɗannan lambobi masu kwabbai da ke ba mutane haushi. Ana sabunta kundin lokaci-lokaci, don haka ki nemi bankinki ya nuna miki na yanzu, haƙƙinki ne.

Ga 'yan kalmomin da za su yi miki amfani a gaban kanta. “Overcharge” shi ne a caje ki fiye da ƙa'ida, sai ki ce “I was overcharged”. In sau biyu aka cire, “I was charged twice”. “Surcharge” ƙari ne a kan kuɗin asali. “Service charge” shi ne wanda otal da manyan gidajen abinci ke liƙawa a ƙasan rasit. “Free of charge” kyauta ne, sai dai in kin gan shi a tallar banki ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa.

TAMBAYA: Malam, ina yini. Ni da Faransanci na yi karatu, yanzu nake koyon Turanci saboda harkar sufuri da muke yi tsakanin Maraɗi da Katsina. Na ce wa wani abokin hulɗa “We will charge the lorry tomorrow”, sai ya tambaye ni ko motar mai lantarki ce. Ba haka ake faɗi ba? Wani matashi daga Maraɗi, Nijar.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Abin dariyar shi ne kai ka fi shi kusa da asalin kalmar. A Faransanci “charger” tana nan da ma'anarta ta fari, yin lodi, har “chargement” da “télécharger” na sauke abu daga intanet. Turanci kuwa ya ari kalmar, ya yi ta amfani da rassanta, ya bar tushen ya bushe. Yau in lodin mota kake nufi, “load” za ka ce: “We will load the lorry tomorrow”. Daga ita muka samu “lodi” da “loda”. Saukewa kuma “unload” ko “offload”.

Tarkon yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Bafaranshe ba ya cewa “charger” idan zai yanka maka farashi, “facturer” ko “faire payer” yake cewa. Tuhuma a kotu kuma “inculper” ce. Amma “témoin à charge”, mai ba da shaidar da ke ɗora wa wanda ake tuhuma laifi, ya nuna maka cewa can ma ma'anar nauyin nan ce dai a ƙarƙashi. “Prise en charge” da kuka saba ji a asibiti da ofisoshi, kada ka juya ta kai tsaye ka ce “take in charge”. In biyan kuɗin magani ake nufi ka ce “cover the cost”, in kulawa ce ka ce “take care of”.

TAMBAYA: A gajarce Malam: “The police charged my bag at the checkpoint” daidai ne? Ɗalibi daga Jos.

AMSA: A'a. Hausa ce ta ba “caje” ma'anar bincike, muke cewa an caje mota, an caje aljihu. Turanci bai san wannan ba, “searched” za ka rubuta. Haka nan “ya caza mini kai” da “ya ɗauki caji” namu ne, mu muka raine su. In kana son wani abu mai kama da na biyun a Turanci, akwai “The atmosphere was charged”, wato wuri ya ɗauki zafi, kowa a wuya yake.

TAMBAYA: Baba, ina da 'yar rumfar cajin waya a bakin tasha. Ina so in sa a rubuta mini allo da Turanci saboda baƙi, naira 100 kowace waya. Me zan rubuta? Sannan wani ɗan jami'a ya ce “my charge has finished” ba Turanci ba ne. Gaskiya ne? Kuma me ya haɗa wuta da wannan kalma? Mai caji daga Funtuwa.

AMSA: Ɗana, Allah Ya sa albarka a sana'a. Ina ganin irin rumfarku in na je tasha: katako an jera masa soket sahu-sahu, wayoyi kwance kamar hamsin kowace da 'yar lamba a liƙe da salatif, janareta na kuka a baya, mai waya ya karɓi guntun kwali mai lamba ya tafi harkarsa. Wanda ya iya riƙe wannan lissafi bai ba wani wayar wani ba, Turancin allo ba zai gagare shi ba.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Kafin wuta akwai bindiga. Yadda maharbanmu ke ɗura albarushi a bindigar toka su danna da sanda, haka sojan Turai ke yi, kuma wannan ɗurin sunansa “charge”, harbawa kuma “discharge”. A 1745 da 1746 wasu masana biyu, Ewald von Kleist a ƙasar Jamus da Pieter van Musschenbroek a garin Leiden na Holan, kowa da nasa binciken, suka gano ana iya tara lantarki a cikin kwalba, wanda ya taɓa ta kuwa ya sha fizga. Mutanen lokacin sun ɗauki lantarki wani abu ne mai kwarara da ake ɗurawa, sai suka yi masa amfani da kalmar ɗuri. Benjamin Franklin na Amurka, a ƙarshen shekarun 1740, ya jera irin waɗannan ma'adanan wuta da yawa ya kira su “battery”, sunan da soja ke kiran jerin igwogi. Shi ne kuma ya kawo “positive” da “negative”, alamun nan biyu da kake gani a kan kowane batir. Ɗaliban kimiyya za su tarar ana auna “charge” da “coulomb”, sunan wani masani Bafaranshe. Lambar nan ta mAh da ke jikin batirin waya, kamar 5000, yawan ɗurin da zai iya riƙewa take nunawa.

Ɗan jami'ar nan bai yi ƙarya ba, ko da yake duk ɗan Najeriya zai gane ka. Bature cewa yake “My battery is flat” ko “My battery is dead”, in ya kusa ƙarewa kuma “My battery is low”. Waya in tana jone, “It is charging” ko “It is on charge”. In ta cika, “fully charged”. Katin waya da muke kira “recharge card”, a Ingila “top-up” suke cewa.

Allonka kuwa kada ka cika shi da surutu. Ka sa a rubuta “PHONE CHARGING” da manyan haruffa, a ƙasa “N100 per phone”. Ka lura mai fenti kada ya cinye maka “R” ɗin tsakiya, don ba a jin ta a furuci, kuma kada ya bar “E” ya rubuta “chargeing”, ana jefar da ita in “ing” ya shigo. Kada ka rubuta “We charge phones N100”, ma'anoni biyu ne za su yi karo a jimla ɗaya, a rasa ko wayar ake ɗura wa wuta ko ita ake bi kuɗi. In kana so ka kare kanka daga rigimar masu ɓatar da lamba, ƙara layi ɗaya: “No tag, no phone”. Daga can ƙasa kuma ka sa “Ana cajin waya” da Hausa, don yawancin masu tsayawa a rumfarka ita za su fara karantawa.